Sabon Karo: Yadda Ake Wanke Shi Ba a Ɓata Layi Ba

Mai gini a Tanda yakan sayo karo, wato tayil, daga kasuwar Gaya ko ta Kamba a tsallaken iyakar Najeriya, ya biya mota, ya biya mai sawa, sannan a rana ɗaya ya lalata aikin da kwalbar asid. Tun da aka rufe gadar Malanville a 2023, kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano ba sa isowa cikin sauƙi kamar da, don haka wanda ya ƙona karo goma ba lalle ya sake samun irin launinsu ba. Gara a san wankin tun farko.

Rabin aikin ana gama shi ne ranar da aka cike layin tsakani da farin siminti. Bayan minti 15 zuwa 30, in an taɓa layin da yatsa aka ji ya fara ƙarfi, sai a ɗauko guntun soson katifa da bokiti biyu, ɗaya na ɗauraya, ɗaya na ruwa mai kyau. A matse soson sosai har ya daina ɗiga. A ja shi a karkace, daga kusurwar karo zuwa kusurwa, domin in aka bi tsawon layin, soson zai kwakulo simintin ya bar rami. Ja ɗaya, a juya soson, ja ɗaya, a ɗauraye. Da ruwan bokiti ya koma kamar farau-farau a zubar a sake, in ba haka ba shafe kawai ake yi.

A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Wani sai ya cike falo gaba ɗaya kafin ya waiwayi soso. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gaya ke wuce digiri 40, simintin bakin ƙofa ya riga ya zama dutse kafin a kai ƙurya. Ƙwararru kan yi murabba'in mita biyu ko uku, su goge, sannan su ci gaba. Kuma ruwan ma abin dubawa ne: na kogi a lokacin jan ruwa, ko na rijiya mai laka, yana rina farin layi ya koma ruwan ƙasa har abada. In babu na famfo, a ɗebo tun daren jiya a bari ya kwanta.

Bayan awa biyu ko uku za a ga wani farin hazo ya hau fuskar karon. Busasshen tsumma ko buhun algarara shi ne maganinsa. Wasu masu aikin sun fi son garin katako, kuma yana yi, sai dai a guji na jan itace don yana zubar da launi.

A rufe ɗakin awa 24, ba yara, ba kaji, ba shigar da gado. In hunturu ne a rufe tagogi saboda jar ƙura. In bazara ce a ɗan yayyafa wa layin ruwa safe da yamma na kwana biyu, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, wanda ya bushe da wuri kuwa gari yake zama. Bayan kwana uku a yi wanki na farko da ruwa da ɗan sabulun wanke kwano. Omo in ya yi yawa yakan bar dusu-dusu.

To, in hazon ya ƙi fita fa? Nan da nan maƙwabci zai ce a zuba asid, wani har ruwan batir yake nufi. Ba a kai ruwan batir kusa da karo ko kaɗan. Asid ba ya bambance simintin da ke saman karo da wanda ke cikin layi. Duka yake ci, ya bar layin yana zubar gari, ya sa ƙasan ƙofar ƙarfe tsatsa. A jira kwana 10 tukun. Sannan a gwada binegar fari, kofi ɗaya cikin kofi huɗu na ruwa, a wata kusurwa da kujera za ta rufe. A fara jiƙa layin da ruwa zalla ya sha ya ƙoshi, a shafa haɗin, a ba shi minti biyu, a cuɗa da buroshin roba, a ɗauraye sau biyu. A kan dutsen marmara ko daɓen tarazo, ko binegar ɗin ma ba a sawa. Gudan simintin da ya daskare kuwa, tsinken katako ake sawa a ɓamɓare shi. Soson ƙarfe yana karce ƙyallin kuma ya bar burbushin da ke tsatsa a layi.

Abu ɗaya da ya shafi rai: kada a haɗa ruwan jabel ko Hypo da asid ko binegar, a bokiti ko a ƙasa. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, musamman a banɗakin da babu taga. Mai gida ya gaya wa duk wanda zai riƙa gugar ɗakin wannan gargaɗi tun kafin ya miƙa masa mabuɗi.