Darasi Na Goma Sha Biyu: Ƙasar Noma a Yankin Kwali

Idan aka ce maka Abuja, mai yiwuwa abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne manyan tituna da dogayen gine-gine da Dutsen Aso. To, wannan cikin birni ke nan. Yankin Babban Birnin Tarayya, wanda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro a shekarar 1976, yana da ƙananan hukumomi shida: Abuja da Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali. Galibin filayensu gonaki ne da daji. A wannan darasi za mu duba ƙasar noma ta Kwali, wadda ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, gaba da Gwagwalada kaɗan.

Damina a nan takan sauka a watan Afrilu, ta ɗauke a Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara yakan wuce milimita 1,100. Wannan ya fi na Kano da Katsina. Sai dai ruwa mai yawa yana wanke abincin shuka daga saman ƙasa, ya nutsar da shi inda saiwar masara ba ta kai wa.

A kan tudu, ƙasar da za ka fi gani ita ce jar ƙasa. Asalinta duwatsu ne waɗanda rana da ruwa suka farfasa cikin dubban shekaru. Jan launin kuwa na ƙarfe ne da ya yi tsatsa a cikinta. Samanta yashi-yashi ne, mai sauƙin huɗa, amma in ka haƙa zurfin kamu ɗaya za ka tarar da laka ta ƙaru. A wasu wurare ma garma takan ci karo da tsakuwa ko marmara. Wannan ƙasa ce Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suka shahara da noman doya a cikinta. Lura da yadda suke yi: sukan tara ƙasa tsibi-tsibi, su binne irin doya a kai, su rufe da busasshiyar ciyawa. Doya tana son ƙasa mai laushi da zurfi, ba ta kuma son ruwa ya kwanta mata. Tsibin ya tattaro mata ƙasar sama mai albarka, ya tsane ruwa, ciyawar kuma ta kare iri daga zafin rana. Dawa da masara da rogo da riɗi su ma duk a tudu ake shuka su.

A gefen Kogin Gurara da rafukan da ke zuba cikinsa akwai fadama. Ƙasarta baƙa ce, mai danƙo, tana kuma riƙe ruwa har cikin rani. Da damina a noma shinkafa, da rani a yi lambun tumatir da attarugu da kuɓewa da alayyafo. Haɗarinta shi ne ambaliya, musamman a Agusta da Satumba.

Akwai kuma yumɓu, wanda maginin tukwane ya fi manomi buƙatarsa. Dubi bayan takardar Naira 20, za ka ga hoton Ladi Kwali tana gina tukunya. A wannan gari ta koyi sana'ar tun tana yarinya, ta kuma rasu a 1984 bayan sunanta ya kai Ingila da Amurka.

Yaya za ka gane irin ƙasar da ke gabanka? Ɗebi kaɗan, ka jiƙa ta, ka dunƙule a hannu. In ta wargaje, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta murzu kamar igiya ba ta karye ba, laka ce, za ta daskare da rani. In ta dunƙulu amma ta tsage da ka danna ta, to ka sami wadda lambu ke so.

Babbar damuwar manomin Kwali a yau ita ce gajiyar ƙasa. A da, in gona ta yi rauni sai a bar ta ta zama saura na wasu shekaru. Yanzu birni yana ta cin filaye, jama'a sun ƙaru, gona ba ta samun hutu. In ka ga ƙuduji ya mamaye dawa, to ƙasar ta gaji. Ƙona ciyawa kowace shekara yana ƙara tsananta lamarin, domin abin da ya kamata ya ruɓe ya zama taki shi ke tashi hayaƙi. Takin zamani yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya gyara jikin ƙasa. Sai an haɗa da kashin shanu ko na kaji, a riƙa sauya masara da gyaɗa ko waken suya, a kuma ja kunya a gicciye da gangare don kada ruwa ya zaizaye gonar.

Aiki

Ɗebo ƙasa daga wurare biyu a harabar makarantarku, ka gwada ta yadda aka bayyana. Rubuta jimloli biyar a kan abin da ka gani, ka yi amfani da kalmomin yashi, laka, tsakuwa da danƙo.