Cututtukan Kifin Gufi da Maganinsu

1. Asalin kifin

Gufi wani ɗan ƙaramin kifi ne na ruwan daɗi, watau ba na teku ba. Namijin ba ya kai tsawon ɗan yatsanka ƙarami, amma wutsiyarsa tana da faɗi da launi iri iri. Macen ta fi shi girma, ba ta kuwa yin ƙwai kamar tarwaɗa, haihuwa ta ke yi, kusan kowane wata. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasar Benezuwela da Giyana da tsibirin Tirinidad. A cikin shekara ta 1866 wani mutum mai suna Robert Lechmere Guppy ya aika da shi daga Tirinidad zuwa London domin masana su duba. Daga sunan mutumin nan kifin ya sami nasa. Bayan wannan aka yi ta kai shi ƙasashe masu zafi domin ya cinye 'ya'yan sauro, har yau kuwa ana samunsa cikin kwatocin Ikko.

Mutane da yawa su kan ajiye shi a gida cikin akwatin gilashi domin sha'awa. Kiwonsa ba wuya. Amma sau da yawa mutum ya kan wayi gari ya tarad da ɗaya ya mutu, gobe biyu, kafin mako ya kewayo akwatin ya zama wofi. Abin da za ka koya a nan shi ne yadda za ka gane cutar tun da wuri, ka kuma yi mata maganin da ya dace da ita.

2. Fara duba ruwa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin cututtukan gufi daga ruwa su ke farawa. Kashin kifi da sauran abincin da ya ruɓe suna fitad da wani dafi da a ke kira amoniya. Ido ba ya ganinsa, ruwa ya kan zama garau alhali kuwa yana ƙone wurin numfashin kifi. Akwai waɗansu ƙwayoyi masu amfani da ke zaune cikin matacin akwatin, su ne ke cinye dafin nan. Amma a sabon akwati sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka kada ka cika sabon akwati da kifi rana ɗaya.

In ka ga kifi ya yi sanyi, ka fara yin waɗannan tukuna:

Ka auna ruwan da abin gwaji wanda masu sayad da kifi ke sayarwa. Amoniya ya kamata ta tsaya a sifiri. Ka duba ma'aunin zafi, gama gufi yana son digiri 24 zuwa 27. Daren hunturu ya kan sanyaya ruwa farat ɗaya, kifi ya raunana. Sa'an nan ka kwashe sulusin ruwan, ka zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki. In ruwan famfo ne, ka ɗiga masa maganin da ke kashe kulorin. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, kifi ya warware ba tare da wani magani ba.

3. Yadda za ka duba kifi

Lokacin ba da abinci shi ne lokacin dubawa. Lafiyayyen gufi ya kan rugo da sauri, wutsiya a buɗe. Marar lafiya ya kan koma gefe shi kaɗai, ya tsuke fikafikansa, ko ya riƙa goga jikinsa a kan tsakuwa, ko ya tsaya a saman ruwa yana haki. In ka ga haka, ka matso da fitila ka duba jikinsa da bakinsa da wutsiyarsa da ƙarƙashin cikinsa.

4. Cututtuka biyu masu kama da juna

A nan ne mutane suka fi yin hasara, domin dukansu biyu fari su ke nunawa.

Ta fari ita ce cutar farin ɗigo. Za ka ga ɗigo ɗigo a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, kowane ɗigo a ware da ɗan'uwansa. Wata ƙaramar halitta ce ta shiga ƙarƙashin fatarsa tana ci. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwatin, ta rufe kanta cikin kwanso, ta rarrabu ɗaruruwa. Sa'an nan 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. Magani ba ya samunta cikin fata ko cikin kwanso, sai lokacin iyon nan kaɗai. Ka ga dalilin da ya sa ba a barin magani ranar da ɗigon ya ɓace.

Ga yadda za ka yi. Ka ƙara zafin ruwa sannu sannu har digiri 28 ko 29, domin zafi yana gaggauta fitowar 'ya'yan. Ka ƙara iska cikin ruwan, gama ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa. Ka narkad da gishiri zalla, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 5, kowace rana har kwana 3, watau cokali 3 ke nan ga lita 5. Gufi yana jimre gishiri ƙwarai, amma tsire-tsiren ruwa da waɗansu kifaye ba su jimrewa. Kanwa ba gishiri ba ce, kada ka sa ta. Ka ci gaba har mako guda bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace.

Ta biyu ita ce cutar farin baki, wadda masana ke kira kolumnaris. Ita ba ɗigo ta ke yi ba. Za ka ga fari fari kamar auduga a leɓen kifi, ko wani shafe mai launin toka a gadon bayansa kamar sirdi, wutsiya kuma tana zagwanyewa. Ƙwayar cuta ce mai son zafi. In ka ɗauke ta farin ɗigo ce, ka ƙara zafi, to, ka taimake ta, tana iya gama da kifinka cikin kwana biyu. Sai ka mai da ruwa wajen digiri 24, ka ware masu ciwo, ka sa gishiri, ka nemi likitan dabbobi ya ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada ka fasa kafso na mutane ka zuba da ka.

5. Sauran cututtuka

Ruɓewar wutsiya. Gefen wutsiya ya kan yayyage, ya yi fari ko baƙi. Ƙazamin ruwa ne ya fi kawo ta. Ka sake rubu'in ruwa kowane kwana biyu, ka sa gishiri kaɗan, wutsiya za ta sake tsirowa.

Jar tsutsa. In kifi yana ci amma yana ramewa, ka duba duburarsa sa'ad da ya tsaya cik. Kadan ka ga jajayen zare ƙanana suna leƙowa, tsutsar ciki ce. Maganinta lebamisol. A kan ba dukan akwatin, a tsotse dattin ƙasa, a maimaita bayan mako 2 ko 3.

Tsutsar fata. Kifi yana ta susa, ya tsuke wutsiya, amma ba ɗigo. Wannan sai da madubin likita a ke ganinta. Maganinta firazikwantel, irin wanda a ke yi wa mutane maganin tsargiya da shi, amma ka nemi wanda aka haɗa domin kifi.

Kumburi. Ka leƙa kifin daga sama. Mace mai ciki jikinta sumul ya ke, da baƙin tabo kusa da dubura. Amma in ɓawon jikin ya miƙe kamar bayan abarba, ƙoda ce ta lalace, da wuya ya tashi. Ka ware shi.

Tarin fuka na kifi. Kifi ya rame a hankali, bayansa ya tanƙware. Ba a warkad da shi a gida. Ka yi hankali ƙwarai, gama ƙwayar tana shiga jikin mutum ta wurin rauni, ta kawo ƙurji mai wuyar warkewa. In kana da yanka a hannu, kada ka tsoma shi cikin ruwan.

6. Ka'idodin ba da magani

Ka san yawan litar akwatinka, ka bi awon da ke jikin kwalba. Kada ka gama magani biyu lokaci ɗaya. In akwai gawayi cikin matacinka ka cire shi, domin yana shanye magani. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka ba a ƙara shi sai gwargwadon ruwan da aka kwashe. Kifin da ya mutu ka binne shi, kada ka jefa shi ko ruwansa cikin rafi.

7. Rigakafi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabon kifi ka ajiye shi dabam mako 3 ko 4 kafin ka gama shi da naka. Kada ka wuce kifi 10 a lita 40. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti 2. Ka sake rubu'in ruwa kowane mako. Mataci kuwa da tsohon ruwan akwatin a ke ɗauraye shi, ban da sabulu.

Tambayoyi

1. Me za ka fara dubawa in kifi ya yi sanyi?
2. Don me ba a barin maganin farin ɗigo ranar da ɗigon ya ɓace?
3. Wace cuta ce zafi ke ƙara mata ƙarfi?
4. Ta ƙaƙa za ka bambanta mai ciki da mai kumburi?