Kyauta ko 'Yanci? Matsalar Isar da Buɗaɗɗiyar Manhajar Waya ga Mazauna Karkarar Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake tallata buɗaɗɗiyar babbar manhajar waya ga mutanen da ba su da ilimin kwamfuta, ta hanyar ɗaukar mazaɓar Kazage a ƙaramar hukumar Birnin Gwari a matsayin misali. Ta nuna cewa babban cikas yana cikin kalmomin da ake zaɓa da kuma wanda ake fuskanta da su.

1.0 Gabatarwa

Babbar manhaja ita ce ginshiƙin da ke tafiyar da waya, wanda sauran manhajoji ke hawa a kansa. Ana kiran ta buɗaɗɗiya idan an bayyana rubutun da aka gina ta da shi, har kowa ya sami damar karantawa da gyarawa da rarrabawa. Tushen wannan ra'ayi shi ne shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983. Abin lura shi ne, Android da ke cikin wayoyin Tecno da itel da Infinix, waɗanda suka cika kasuwannin Arewa, asalinsa buɗaɗɗe ne, sai dai kamfanin Google ya ɗora masa nasa manhajojin da ke rufe. Ke nan manomin Kazage yana riƙe da rabin abin da ake son tallata masa ba tare da an taɓa gaya masa ba.

2.0 Tarkon Fassara

Kalmar Ingilishi da masu wannan fafutuka ke amfani da ita tana ɗauke da ma'ana biyu: abin da ba a biya ba, da abin da ba shi da takunkumi. Hausa ta raba su, akwai "kyauta", akwai "'yanci". A zahiri wannan gata ne, amma kowace daga cikinsu tana da nata nauyi a kunnen mai sauraro. Idan aka ce manhajar kyauta ce, ba a faɗi sabon abu ba, domin ba wanda ya taɓa sayen babbar manhaja daban da wayarsa. Ƙari a kan haka, Bahaushe yana ɗari-ɗari da abu mai araha, balle na banza. Idan kuma aka ce ta 'yanci ce, kalmar ta fi karkata ga siyasa da tarihin 1960, sai mai sauraro ya tambaya: wa ya ɗaure ni?

Ita kanta "buɗaɗɗiya" tana da haɗari a wuri irin Birnin Gwari. A yankin da ya daɗe yana fama da 'yan bindigar dajin Kamuku, inda zargin kai rahoto ta waya kan iya jawo asarar rai, waya a buɗe na nufin waya marar sirri. Ma'anar da masana ke nufi kishiyar haka ce: buɗe rubutun manhaja shi ke ba masu bincike damar tabbatar da cewa ba ta satar bayanai. A ganina, bayani irin "manhajar da ba a ɓoye yadda aka yi ta ba" ya fi aminci, ko da ya fi tsawo. Gajartar kalma ba ta da amfani idan ta isar da akasin saƙo.

3.0 Darasi daga Firefox OS

A 2015 kamfanin Orange ya fitar da waya mai suna Klif a wasu ƙasashen Afirka, tana aiki da Firefox OS na gidauniyar Mozilla, a farashin da bai kai dala 40 ba. Kafin shekarar ta ƙare Mozilla ta sanar da janye hannunta daga wayoyin. Daga cikin dalilan faɗuwar akwai ƙarancin manhajojin da jama'a suka saba da su, musamman WhatsApp. KaiOS, wanda aka gina a kan ragowar wancan aiki, ya fi samun karɓuwa bayan WhatsApp ya shiga cikinsa, duk da cewa ba dukkansa ne a buɗe ba. Mai saye bai tambayi aƙidar manhaja ba, saƙon murya ya nema.

4.0 Hujjar da Za Ta Yi Tasiri a Kazage

A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, aka shafe kusan wata biyu. Wanda ya rayu a wannan lokaci ya san darajar wayar da ke aiki ba sabis. Nan ne buɗaɗɗun manhajoji ke da abin faɗa: rumbun F-Droid yana ba da damar tura manhaja daga waya zuwa waya ba intanet, Briar kuwa tana isar da saƙo ta Bluetooth tsakanin wayoyin da ke kusa. Haka nan kowane ɗalibin Hausa na iya shiga aikin fassara irin waɗannan manhajoji, ya tabbatar da ɓ da ɗ da ƙ sun zauna daidai, ba sai ya jira izinin wani kamfani ba.

Sai dai bai kamata mai tallatawa ya ɓoye iyakar abin ba. LineageOS, wanda ke tsawaita ran tsofaffin wayoyi, bai cika tallafa wa wayoyin Transsion a hukumance ba, GrapheneOS kuwa sai a wayoyin Pixel masu tsada. Wasu manhajojin banki ma suna ƙin aiki a wayar da aka sauya wa babbar manhaja. Tun daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da kuma sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamba 2024, ɗan kasuwa ba zai yarda da duk abin da zai hana shi karɓar kuɗi ta waya ba, kuma yana da gaskiya.

Saboda haka wanda ya kamata a fara fuskanta shi ne mai gyaran waya da mai shagon caji da mai tura fina-finai da wa'azi a kasuwa. Su ne ke saita wa jama'a sabuwar waya, su buɗe musu asusu, kuma gare su ake komawa idan ta lalace. Matakin da ya dace da su shi ne ɗora buɗaɗɗun manhajoji a kan Android ɗin da ke akwai, tare da ɗan littafin jagora da Hausa, boko da ajami, wanda sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kaduna za su iya tsarawa tare da sassan kimiyyar kwamfuta.