Idan Hoto Ya Ƙi Fitowa a Shafinka, Bi Adireshinsa

Shafin intanet ya zama abin da kowa ke so a Katsina. Mai makarantar kuɗi a Ƙofar Ƙaura yana so iyaye su ga ajujuwansa, mai shagon shadda da atamfa a Babbar Kasuwa yana so masu saye daga Daura da Maraɗi su ga kaya tun kafin su taso, ƙungiyoyin unguwa kuma suna so a ga ayyukansu. Sau da yawa aikin yakan faɗa hannun ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Al-Qalam ko na Kwalejin Hassan Usman, ko wani matashi mai shagon kwamfuta. Ƙorafin da na fi ji daga wajensu guda ne: an ɗora hoto, jiya yana nan, yau sai ɗan akwati fanko. Wannan shawara taku ce, ƙannena masu wannan sana'a, domin sunan mai aiki yana ɓaci a kan abin da minti biyar za su gyara.

Hoton ba ya cikin shafin

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, shafi ba ya ɗauke da hoto, adireshin hoton kawai yake ɗauke da shi. A cikin lambobin shafi za ka ga layi irin wannan:

<img src="/hotuna/gobarau.jpg" alt="Hasumiyar Gobarau">

Abin da ke bayan src kwatance ne ake yi wa burauza: je wuri kaza ki ɗauko fayil kaza. Idan ka ce wa baƙo "gida na uku a hannun dama", kwatancen zai yi masa amfani ne kawai idan daga inda kake tsaye ya tashi. Wanda ya shigo ta Ƙofar Guga zai ɓata. Haka adireshin hoto yake, kuma iri uku ne.

Akwai cikakke, mai farawa da https:// da sunan shafin, wanda ke aiki daga ko'ina. Akwai mai farawa da karan tsaye mai karkata, kamar /hotuna/gobarau.jpg, wanda ke lissafi daga tushen shafin. Sai na uku, hotuna/gobarau.jpg ba tare da karan farko ba, wanda ke lissafi daga inda mai karatu yake a lokacin.

Na ukun nan shi ne tarkon tamfilet, wato zubin da ke ba dukkan shafuka siffa ɗaya. Kan shafi da ƙasansa kowannensu fayil ɗaya ne da ake maimaitawa a ko'ina. Idan ka sa tambarin makaranta da irin wannan adireshi, zai fito sarai a shafin farko, amma da an shiga shafin labarai sai burauza ta nemi hoton a cikin foldar labarai, ba ta same shi ba. Saboda haka a cikin tamfilet kada ka yi amfani da shi. A WordPress, bar manhajar ta rubuta maka farkon adireshin da get_stylesheet_directory_uri(), kai kuma ka ƙara sunan folda da na fayil. Ka kuma yi gyaranka a cikin ɗan jigo da aka cira daga babban jigo, wato tarin tamfilet ɗin shafin, domin sabunta babban jigo yana share duk abin da aka taɓa a cikinsa. Hotunan bango da ake sawa ta CSS kuwa, lissafinsu daga inda fayil ɗin CSS yake zaune ne, ba daga shafin ba.

Ajiye hotonka a gidanka

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya kwafo adireshin hoto daga Facebook ko daga shafin wata jarida ya liƙa. Zai fito yau, amma kayan aro ba ya rufe katara. Adireshin hotunan Facebook yana ɗauke da wa'adi, yana cika hoton ya ɓace. Mahaɗin Google Drive kuma shafin duba fayil yake buɗewa, ba ainihin hoton ba. Mai wani shafin yana iya goge hotonsa ko ya toshe masu jan sa daga waje, ba tare da ya sanar da kowa ba. Duniya ta ga wannan a 2017, lokacin da kamfanin Photobucket ya ce sai an biya kusan dala 400 a shekara kafin hotunan da aka ajiye a wajensa su ci gaba da fitowa a wasu shafuka. Dare ɗaya hotuna masu ɗimbin yawa suka ɓace daga shafukan mutane.

Ɗora kowane hoto ta ma'ajiyar hotuna ta manhajar da kake aiki da ita. WordPress tana jera su a wp-content/uploads, shekara-shekara da wata-wata, tana kuma yanka ƙanana da matsakaita da kanta. Kada ka shiga can ta cPanel ka sauya wa fayil suna ko wuri, domin rumbun bayanai zai ci gaba da nuna tsohon adireshi.

Suna da nauyi

Kafin ka ɗora, gyara sunan fayil. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma yawancin sabobin da ke riƙe shafuka Linux suke amfani da ita, ita kuwa a wajenta Logo.PNG daban, logo.png daban. Wannan ne ya sa hoto ke fitowa a kwamfutarka ya ƙi fitowa bayan ka ɗora aikin. Yi amfani da ƙananan baƙaƙe zalla, ka sa ɗan karan kwance a maimakon tazara. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da alamar da ke gaban 'ya'ya, kada su shiga sunan fayil, domin a adireshi ana juya su zuwa wasu lambobi, kuma sukan rikice idan an kwashe shafi daga wata saba zuwa wata. Hoton Ƙofar Soro ya zama kofar-soro.jpg.

Inda Hausa ta gaskiya za ta zauna shi ne a cikin alt da rubutun ƙasan hoto. Rubuta abin da ke hoton da cikakkiyar ƙa'ida: "Mahaya a gaban fadar Sarkin Katsina ranar hawan Sallah". Wannan rubutu shi manhajar makafi ke karanta musu, shi Google ke dubawa, shi kuma ke bayyana idan sabis ya yi rauni hoto bai sauko ba. Kada ka bar shi fanko sai a hoton da ado ne kawai.

Sai nauyi. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5. Hotuna 10 masu megabait 4 a shafi ɗaya sun zama megabait 40 daga datar mai karatu, wanda wataƙila ta kwana ɗaya ya saya. Ba zai jira ba, kuma zai ce shafinka ne ba ya aiki. Rage faɗin hoto zuwa fiksel 1200 ko 1600, ka matse shi da Squoosh ko TinyPNG har ya dawo wajen kilobait 200. Tun fitowar WordPress 5.3 a 2019 manhajar tana rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560, amma wannan bai isa ga mai kallo a waya ba. Daga 5.8 ta 2021 tana karɓar WebP, wanda galibi ya fi JPEG sauƙi. Hotunan iPhone masu ƙarewa da HEIC kuwa, mayar da su JPEG tukuna, don ba kowace burauza ce ke nuna su ba. A nemi ainihin hoto a turo shi a matsayin fayil, domin wanda ya zagaya WhatsApp ya riga ya dusashe.

Ranar da hoto ya ɓace

Kada ka fara da goge jigo ko sake ɗora komai. Kwafi adireshin hoton, ka buɗe shi shi kaɗai a sabon shafin burauza. Amsar da za ka samu ita za ta nuna maka hanya.

Idan ka ga 404, babu fayil a wannan adireshi. Duba baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ka duba ko jpg ne ko jpeg, ka tabbatar foldar tana nan. Idan adireshin ya fara da localhost ko C:, to hoton yana cikin kwamfutarka ne, kai kaɗai kake ganinsa.

Idan ka ga 403, fayil yana nan amma an hana shiga. Duba izini a cPanel: fayiloli 644, foldodi 755. Kada ka yarda da mai ce maka ka sa 777, wannan buɗe wa masu kutse ƙofa ne. Duba kuma ko an kunna kariyar hana jan hoto daga waje ba tare da an sa sunan shafinka cikin waɗanda aka yarje wa ba.

Idan hoton ya buɗu shi kaɗai amma ya ƙi fitowa a cikin shafi, duba farkon adireshin. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafukan http tambarin rashin tsaro, mutane da yawa suka koma https, amma tsofaffin hotuna suka zauna a kan http. Burauzar yanzu takan gwada ɗauko su ta https, in bai yiwu ba ta toshe. Idan ba wannan ba ne, danna F12 a kwamfuta ka duba jajayen layuka, sannan ka kashe ƙarin manhajojin da ke ƙara saurin shafi ko jinkirta saukar hoto ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Idan dukkan hotuna ne suka ɓace lokaci guda bayan sauya suna, misali daga .com zuwa .com.ng, tsohon sunan ne ya maƙale a rumbun bayanai. Ajiye kwafin rumbun tukuna, sannan ka sauya da irin su Better Search Replace. Kada ka yi da hannu, domin WordPress tana ajiye wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu, idan tsawon suna ya canza ba a gyara ƙidayar ba saitin jigo zai lalace.

Idan ka gyara amma tsohon abu yana nan, burauza ce ke nuna maka abin da ta ajiye. Danna Ctrl da F5, share ajiyar wucin gadi ta shafin, ka gwada a wata waya da wani layi.

Hoton da ke bin mahaɗi

Yawancin masu ziyara daga WhatsApp da Facebook za su zo, kuma ɗan hoton da ke fitowa tare da mahaɗi shi ke sa a danna. Ana ɗaukarsa daga layin og:image, wanda dole adireshinsa ya zama cikakke. Girman 1200 da 630 ya dace. Sa wa kowane rubutu babban hotonsa, idan kuma Facebook ya nace kan tsoho, shiga Sharing Debugger ka umarce shi ya sake dubawa.

Haƙƙi da amana

Mai ɗaukar hoton da ya yini cikin rana da ƙura a hawan Sallah yana da haƙƙi a kan aikinsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare shi. Nemi izininsa, ka rubuta sunansa. Hotunan ɗalibai ƙanana da na matan aure kuwa, kada su hau shafi sai da yardar iyaye da ta masu su. Wannan tarbiyyarmu ce tun kafin a sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Ranar da za ka miƙa aiki, zauna da mai shafin ko sakatarensa, ka sa shi ya rage hoto ɗaya, ya gyara sunansa, ya ɗora, ya rubuta bayaninsa da hannunsa kana kallo. Ba shi kwafin dukkan hotunan a filas, ka rubuta masa ranar da kuɗin suna da na saba za su ƙare. Wanda ka koya wa wannan ba zai kira ka da tsakar dare kan akwati fanko ba, sai dai ya turo maka maƙwabcinsa da sabon aiki. Allah Ya sa albarka a sana'a.