Tsohon Kati da Sabon Kati: Yadda Ake Auna Ƙarfin Katin Sarrafa Hoto

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon sayar da kwamfuta ya saba jin ɗan kasuwa yana cewa, "Wannan sabon fitowa ne, ya fi wancan nesa ba kusa ba." Sau da yawa ɗalibi ko shugaban makaranta yakan kashe kuɗin da aka daɗe ana tarawa bisa wannan magana kaɗai. Wannan darasi zai duba wani ɓangare na kwamfuta, wato katin sarrafa hoto, domin a ga ta yaya ake gwada tsoho da sabo bisa ƙa'idar kimiyya.

Aikin katin

Hoton da ke bayyana a allon kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane da launinsa. Allon da aka saba da shi a farkon shekarun 1990 yana da ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, jimilla 307,200. Allo mai ɗigo 1920 da 1080 kuwa yana da ɗigo 2,073,600. Domin ido ya ga motsi ba tare da tsinkewa ba, sai an riƙa sauya hoton da sauri. Fim na sinima yana sauya hoto sau 24 a daƙiƙa, wasannin kwamfuta kuma ana son su kai 60. Ke nan kati zai lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 a kowace daƙiƙa.

Ɗalibin ilimin halittu zai fahimci dabarar cikin sauƙi. A bayan ƙwayar idon ɗan'adam akwai wata siririyar shimfiɗa da ake kira ratina, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu jin haske kimanin miliyan 100. Ba sa bin layi suna jiran juna. Kowace tana karɓar rabonta na haske a lokaci guda. Haka katin yake. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da 'yan ƙwayoyin lissafi kaɗan masu ƙarfi, shi kuwa kati yana da ɗaruruwa ko dubbai ƙanana da ke raba aiki tsakaninsu, kamar 'yan gayya a gona.

Tazarar jiya da yau

A 1996 kamfanin 3dfx na Amurka ya fito da katin Voodoo mai ma'adanar bayanai ta megabayit 4. A 1999 kamfanin Nvidia ya fito da GeForce 256 mai megabayit 32. A 2006 sai ga GeForce 8800 GTX mai ƙwayoyin lissafi 128, ma'adana megabayit 768, yana shan wutar lantarki wat 155. A 2022 kuma aka sami RTX 4090 mai ƙwayoyi 16,384, ma'adana gigabayit 24, yana shan wat 450.

Idan mai karatu ya kwatanta na 2006 da na 2022, zai ga ƙwayoyin sun ninka sau 128, ma'adana sau 32, amma shan wuta bai kai ninki uku ba. Dalili shi ne an ƙanƙanta transisto, wato ƙananan makunnan lantarki da ake gina ƙwaƙwalwar da su. Na farko yana da miliyan 681, na biyu fiye da biliyan 76.

Inda ake ruɗuwa

Abin lura shi ne waɗannan duka manyan katuna ne na zamaninsu. A kowace shekara kamfani yakan fitar da manya da matsakaita da ƙanana, kuma ƙaramin bana ba lalle ya kai babban shekarun baya ba. Alal misali, GTX 980 na 2014 yana da ƙwayoyi 2,048, alhali GT 1030 na 2017 yana da 384 kacal. Na baya ya girme shi da shekara uku, amma ya fi shi ƙarfi ninki-ba-ninki.

Ruɗi na biyu shi ne girman ma'adana. Shi wannan GT 1030 ya fito iri biyu, dukansu masu gigabayit 2. Ɗaya yana da ma'adana samfurin GDDR5 mai iya zuba kimanin gigabayit 48 a daƙiƙa, ɗayan kuma DDR4 wadda ba ta kai rabin haka ba. Suna ɗaya, girma ɗaya, aiki daban. Randa biyu ne masu cin ruwa daidai, amma bakin ɗaya ya fi faɗi, don haka an fi saurin ɗiba daga gare ta.

Gwaji na adalci

Malamin da ke son sanin wane taki ya fi amfanar wake yakan shuka iri ɗaya, a ƙasa iri ɗaya, da ban ruwa iri ɗaya, ya bambanta takin kawai. Haka ake gwada katuna. Da farko a yi amfani da kwamfuta guda, a cire wannan kati a sa wancan, domin idan babbar ƙwaƙwalwar mai rauni ce, za ta riƙe katin komai ƙarfinsa. Na biyu, aikin da yawan ɗigogin allo su zama ɗaya. Na uku, a maimaita gwajin aƙalla sau uku a ɗauki matsakaici. Na huɗu, a duba mafi ƙarancin hotuna a daƙiƙa tare da matsakaicin, saboda a nan ne ido ke ganin tsinkewa.

Bugu da ƙari, a kula da wuta da zafi. Kusan duk wutar da kati ya sha zafi take komawa. A wuraren da zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, kati yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Makarantar da ta dogara da janareta ko hasken rana dole ta sa wannan a lissafi. Haka nan mai sayen na gwanjo ya bincika ko kamfanin yana ci gaba da fitar wa katin manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, domin akan daina yi wa tsofaffi.

Kammalawa

Shekarar fitowa ba ita ce ma'auni ba. Ma'auni shi ne aikin da ake son yi, da abin da gwaji na adalci ya nuna, da wutar da ake da ita. Ɗakin kwamfutar da ake koyon rubutu da lissafi ba ya ma bukatar kati na daban, domin wanda ke cikin yawancin kwamfutoci ya wadatar.

Tambayoyi

1. Allo mai ɗigo 3840 da 2160 yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa. Ɗigo nawa kati zai lissafa a daƙiƙa guda?
2. Kawo abubuwa uku da ba za a sauya ba yayin gwada katuna biyu, tare da dalili.