Ɗana, Ka Leƙa Ƙarƙashin Motar Kafin Ka Yi Mata Ado

Ɗana, na ji labarin jif ɗin da ka saya, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Na kuma ji kana shirin sauya mata rim tun ba ta yi wata a hannunka ba. Ka ɗan dakata, ka saurari tsohonka.

Ƙarfin babbar mota yana ƙarƙashinta. Hilux, Land Cruiser, Tundra da Sequoia duk a kan shasi aka ɗora gangar jikinsu, kuma shasin nan shi ke ɗaukar inji da kaya da mutane. Da yawa daga cikin tokumbon da ke shigo mana ta Legas da Kwatano sun yi rayuwarsu ta farko a arewacin Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Gishirin kan maƙale a cikin shasi yana cin ƙarfe daga ciki. Abin ya kai ga a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasanci na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Irin waɗannan motoci har yau suna yawo a hanyoyinmu.

Saboda haka ka kai ta rami, a wanke ƙasanta tas, bakanike ya bi shasin da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ya ɓamɓare ko ya ɓule. A duba wurin da sifirin ke kamawa, da mazaunin tayar safaya, da bututan birki. Idan tsatsar ta sama ce, a kankare ta da burushin ƙarfe har sai farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti, sannan baƙi. Idan ta huda, sai an yanke an yi walda da ƙarfe mai kauri. Kada ka yarda a toshe maka da fila a bi da fenti, domin fila ba ta ɗaukar nauyi. Da damina kuma, lakar da ta bushe a ƙasan mota tana riƙe danshi, don haka ka riƙa wanke ta.

To, batun rim. Ba kowane mai noti shida ne ke shiga kowace mota ba. Na Hilux ramukansa shida a kan da'irar milimita 139.7, na Ford F-150 na zamani shida ne shi ma amma 135, na Land Cruiser 200 kuwa biyar ne a kan 150. Idan mai sayarwa a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya ce da ɗan dabara zai zauna, ka gode masa ka wuce. Babban rim mai siririyar taya yana da kyan gani, amma ramukan hanyar Kano zuwa ƙauyenmu za su lanƙwasa shi, ga wahalar da birki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Taya ma ka karanta jikinta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba, zafin kwaltarmu a watan Afrilu yana iya fasa ta. Iska kuma ka bi abin da aka rubuta a bakin ƙofar direba, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. In an ɗaura wili, a matse notuna a tsallake-tsallake, kuma bayan tafiyar kamar kilomita 100 a sake bin su da sifana.

Iyalinka ne za su shiga motar nan, ɗana. Ka kashe kuɗin farko a kan shasi da birki da taya. In da saura, sai a yi ado. Allah ya yi maka albarka.