Oyil Kula: Ƙaramin Ƙarfen Da Ruwan Rijiya Ke Toshewa A Motocin Gas

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, garejin masu gyaran injin gas ba ya rabuwa da ƙorafi iri ɗaya. Mota ta rage ƙarfi a doguwar hanya, ko fitilar mai tana ƙyaftawa idan an tsaya, ko an buɗe lagireto an tarar da wani abu mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, maimakon ruwa. Galibi Hilux ce ko L200, irin waɗanda ke ɗauko albasa daga Wurno da Goronyo, ko suke kai kaya kasuwar Illela ran Lahadi. Kafin bakanike ya ɗaga boneti, mai mota ya riga ya yanke hukunci cewa gaskit ne ya ƙone. Sau da yawa kuwa ba shi ba ne.

Mai wannan rubutu bakaniken injin gas ne a cikin garin Sakkwato, kuma abin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne yawan injinan da ya ga an farke kansu a banza, alhali matsalar tana gefe guda, a cikin wani ƙarfe da bai wuce a riƙe shi da hannu ɗaya ba. Sunansa oyil kula, aikinsa sanyaya baƙin mai.

Farantai ne na ƙarfe sirara, an jera su kusa da juna. Baƙin mai yana bi ta cikinsu, ruwan lagireto yana bi ta jikinsu, ba sa haɗuwa, amma ruwan yana janye zafin man. A injinan Toyota irin su 5L da 2KD yana jikin bulok, kusa da inda filtar mai take. Injin gas yana matuƙar dogara da shi, domin baƙin mai a nan ba santsi kawai yake bayarwa ba. A yawancin waɗannan injina ana fesa shi a ƙarƙashin fistin don ya rage masa zafi, kuma shi ne ke raya tabo a motocin da ke da ita. Man da ke aiki tsakanin digiri 90 zuwa 110 lafiya lau yake. Idan ya daɗe sama da 130 sai ya tsinke, ya fara ƙonewa, ya kasa riƙe tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf. Babban haɗarin kuma shi ne allurar da ke gaban direba zafin ruwa kaɗai take nunawa. Mai yana iya dahuwa a ciki allura tana zaune a tsakiya.

Me ke toshe shi? Mafi yawa, abin da aka zuba a lagireto.

Ƙasar Sakkwato ƙasar farar ƙasa ce. Ba don haka ba da ba a kafa kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960 ba. Ruwan rijiyoyi da na burtsatse da dama a wannan yanki yana ɗauke da sinadarin wannan farar ƙasa, kuma duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin ɓawon da yake bari idan ya sha tafasa. Haka yake yi a cikin inji. Ga kuma tsatsa, domin ruwa zalla ba shi da maganin da zai hana shi cin ƙarfen bulok. Ɓawon da tsatsar su haɗu su zama laka, lakar ta nemi wuri mafi ƙunci ta kwanta, kuma babu wurin da ya kai tsakanin farantan oyil kula ƙunci. Sai a ƙara da dabarun kan hanya: lagireto ya fara yoyo a hanyar Gusau, wani ya ba da shawarar a fasa ƙwai a ciki, ko a zuba garin toshe yoyo. Yoyon ya tsaya, gaskiya ne, amma garin ba ya tantance ramin da ake so ya toshe da hanyar da ake so ta zauna a buɗe.

Ta ɓangaren mai kuma, jinkirin juye ne. Injin gas yana zuba baƙin hayaƙi cikin mansa fiye da na fetur, ƙurar hunturu tana shiga ta filtar iskar da ta tsufa, sannan ga jabun baƙin mai da ake ɗurawa a galan mai kyau. Idan wannan ɓangare ya cushe, yawancin injina suna da wani bawul da ke buɗewa ya bar man ya wuce ba tare da ya bi ta oyil kula ba. Inji ba zai tsaya ba, amma daga ranar da man da ba a sanyaya ba yake aiki.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙasashenmu ba. A Amurka, motocin Ford masu injin Power Stroke mai lita 6.0, waɗanda aka ƙera daga 2003 zuwa 2007, sun yi ƙaurin suna a kan wannan ciwo. Datti a cikin ruwan injin yakan toshe oyil kula, ruwa ya daina isa na'urar sanyaya hayaƙi da ke gaba da shi, ita ma ta fashe. Daga nan kanikawansu suka riƙe wani ma'auni mai amfani: idan mota ta yi zafi sosai tana tafiya a kan titi, aka ga zafin mai ya zarce na ruwa da fiye da digiri 8, to oyil kula ya fara toshewa. Adadin na wancan inji ne, kowane inji da nasa, amma dabarar kwatanta zafin biyu tana aiki ko'ina, da kwamfutar duba mota ko da na'urar auna zafi ta hannu.

Wata Hilux mai injin 5L da aka kawo wa mai wannan rubutu ta isa misali. An riga an buɗe kan injinta a wani gareji, an sa sabon gaskit, an biya kuɗi masu yawa, amma mai bai daina fitowa a lagireto ba. Mai motar, dattijo ɗan kasuwa, ya ce: "Malam, motag ga ba ta taɓa rashin ruwa ba, kullum da safe da hannuna nika cika ta." Da aka tambaye shi wane ruwa, sai ya ce na rijiyar gida. Aka kwance murfin gefen bulok. Farantan sun nutse cikin jar laka da ta daskare, sai da sukundireba aka riƙa ɓamɓaro ta. Da aka wanke, aka toshe baki ɗaya, aka hura iska ta ɗayan, aka tsoma shi cikin bokitin ruwa, sai ga kumfa siririya tana tasowa daga gefen faranti guda. Tsatsa ta huda shi.

Dalilin da ya sa mai ke shiga ruwa a bayyane yake. Murfin lagireto yana riƙe matsin da ya kai bar ɗaya a ma'aunin matsi, ko ɗan sama da haka, shi kuwa baƙin mai yana kaiwa uku zuwa huɗu idan inji na gudu. Mai ƙarfi shi ke tura mara ƙarfi. Saboda haka idan aka ga mai a lagireto, amma babu farin hayaƙi a salansa, babu kumfar iska a ruwa, inji kuma yana tashi lafiya, oyil kula ya kamata a fara dubawa kafin a taɓa kan inji.

Canjin kansa ba shi da wuya ga wanda ya san aiki. Abin da ke raba aiki mai kyau da na banza shi ne wankin da ke biye. Sabon oyil kula a cikin bulok mai laka ba zai daɗe ba. Dole a wanke bulok da lagireto da hita, a maimaita har ruwa ya fito garau. Tiyon da mai ya jiƙa yakan kumbura ya yi laushi, canza shi ake yi. A kankare fuskar ƙarfen tas, a sa sabon gaskit da sababbin zoben roba, a ɗaure notuna a hankali, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai wannan rubutu yana hana yaransa lafta gam, domin abin da ya matse ta ciki yakan gutsure ya bi mai ya toshe wata hanyar. Sannan sabon baƙin mai, sabuwar filta, a fitar da iskar da ta maƙale a cikin ruwa.

Game da oyil kula ɗan Kwatano, ana iya samun mai kyau, amma sai an gwada shi a ruwa kamar yadda aka bayyana. Wanda aka ciro daga injin da ya buga kuwa bai kamata a karɓa ba ko kyauta ne, domin ɓarɓashin metal yana maƙalewa a cikin farantan, wanki ba ya fitar da shi duka.

Sai batun tamostat, wanda ake yawan cirewa a yar da sunan ƙasarmu da zafi. Wannan kuskure ne da ya kamata kanikawa su daina. Injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri yana ƙara hayaƙi a cikin mai, kuma a wasu injina cire shi yana sa wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba.

Abin da ya dace a zuba a lagireto shi ne kulan, irin wanda aka riga aka haɗa, ko a gauraya mai kauri rabi da rabi da ruwan batir wanda ba asid ba. Yana hana tsatsa, kuma yana jure zafi fiye da ruwa zalla kafin ya tafasa. A kula da inda ake zubar da tsohonsa, domin yana da zaƙi kuma guba ne, awaki suna lasa, yara ma suna iya kai hannu. Bayan mako guda da gyara, mota ta dawo gareji da safe kafin ta yi zafi, a buɗe murfin lagireto, a zaro sandar auna mai. Ɗan maiƙo kaɗan a saman ruwa ragowar tsohon ne, a sake wankewa. Idan kuwa yana ƙaruwa, a nan ne ya halatta a fara maganar gaskit.